Fim Ɗin da Goggo Ta Rufe

Ranar Talata, tara ga Yuli, ka cika a asibitin garin Tennant Creek. Ba zan rubuta sunanka ba, Yaya, tunda al'adarmu ta hana ambaton sunan mamaci da kallon hotonsa sai manya sun ba da izini. Kumanjayi zan ce maka, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya tafi.

Mutane sun san ka da hawan bijimai a filin gasar da ake kira rodiyo. Ni kuwa na san ka da goyo. Da babarmu ta rasu, kai ka riƙa ɗaukata a bayan doki zuwa wurin kiwon shanun Turawa, ka ba ni gurasarka ka ce wai ka ƙoshi. Randa bijimi ya karya maka ƙugu, ina kuka kana dariya: "Ke sarkin hawaye, ai shi ma ya ji jiki." Duk yaron da ya zo koyon hawa ba ya tafiya babu abinci, ko da kai za ka kwana da yunwa.

Amma ina fushi da kai. Ashe bara wata Baturiya, Bronwyn, ta yi ta bin ka da kyamara har ta haɗa ɗan fim, ba ka taɓa gaya mini ba!

Muna zaman makoki, fuskokinmu shafe da farar ƙasa bisa al'ada, sai ga ta da kwamfuta a hammata. A ganinta kyauta ta kawo mana. Kafin wani ya ankara ta buɗe. Mata suka kawar da kai, ni na kasa. Babu kiɗa, babu ihun 'yan kallo. Kai ne kawai zaune a kan shinge kana gyaran igiya, kana cewa a mashayar gari an ce ka yi baƙi da yawa, a gida an ce ka zama Bature, bijimi ne kaɗai bai taɓa tambayarka ko kai wane ne ba. Sannan ka ce, "Ƙanwata kuwa..."

Nan Goggo Nangala ta kifa murfin kwamfutar, ta juya ga Bronwyn.

"Ke 'yar nan, a gidanku haka ake yi? Ki tayar mana da shi tun ƙasa ba ta rufe shi ba?"

Na ce, "Goggo, bari ya ƙarasa."

"Ke ma kin haukace? Sai lokacinsa ya yi."

Bronwyn ta tafi tana kuka, ta bar fim ɗin a hannun Goggo. Jiran izinin manya kan kai shekara biyu, wani sa'in ya wuce. Ni kuma wankin ƙoda nake zuwa, kuma na ga yadda likita ke kauce wa idona. Bronwyn ta aiko cewa za ta iya nuna mini a ɓoye. Na juya maganar a raina har na gaji, na ce mata a'a. Kai ba ka taɓa tsallake maganar manya ba, ba zan fara a kan kabarinka ba. Sai dai ka sani ka bar ni da rabin magana, kuma tana ci mini rai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka wurin hutawa inda ba mai tambayar launinka. Ina yi wa matarka Napangardi da 'ya'yanka da dukan danginmu na garin Ali Curung ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri, ni kuma Ya ƙara mini, don nawa ya kusa ƙarewa.