Faɗin Makara

An raba gidanmu na Goron Dutse gida biyu, hukuma ta sa hannu. Wata tara na yi ina bin takardar.

Ina can Kurmi, ƙasar kudu, ina dako lokacin da mahaifinmu ya rasu. Kafin in dawo an gama rabon gado. Yayana ya samu gaba, har da soro. Ni na samu baya, ɗaki biyu da rijiya. Ta soron nake shiga, ta nan nake fita, har na yi furfura, ba wanda ya taɓa hana ni.

Sai Yaya ya rasu. Babban ɗansa ya ce zai mai da soron shago, ya toshe ƙofar ciki.

"Baffa, sai dai ku nemi taku ƙofar," in ji shi.

Ta ina? Baya katangar mutane, hagu da dama katangar mutane. Idan ya toshe, ni da iyalina mun zama kaji a akurki.

Aka ce in je ofishin filaye a yanka mini nawa a takarda. Na karɓo shaidar mai unguwa, ta dagaci, ta hakimi. Ban iya karatu ba, inda aka nuna nan nake dangwala yatsa. Wani ma'aikaci ya buɗe zanen gidan, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ba ma amincewa da filin da ba shi da hanya. Ta sama za ku riƙa sauka?"

"In kun ba ni fiffike," na ce.

Ya yi dariya, amma bai sa hannu ba. Ya ce sai magada sun yarda an cire mini hanya daga nasu, ɗan safiyo ya auna ya zana.

Ran awo, yaron nan ɗan Yaya ya ja layi da ƙafa a gefen katanga, ɗan siriri, sai mutum ya bi a karkace. Ɗan safiyo ya ja tef, ya girgiza kai, ya faɗi wata mita da ba ta kai ba.

"Haba Malam, Baffa mota gare shi?" in ji yaron.

Suka yi ta ja. Ni ban san mita ba. Mai unguwa tsoho ne, yana zaune kan turmi. Can ya ɗaga sanda.

"Mu a cikin birni ba da wannan zaren muke auna hanya ba. A ɗauko makara."

Aka ɗauko ta daga masallaci. Mutum huɗu suka saɓa a kafaɗa, suka taso daga ƙofar ɗakina kamar da gaske. Suna zuwa kwanar madafin matar Yaya, makarar ta cije. Suka fara karkata ta.

"Kul!" in ji mai unguwa. "Ana karkata mamaci?"

Suka tsaya da ita a kafaɗa, ba gaba ba baya. Sai muryar matar Yaya ta fito daga bayan labule.

"Kai, wannan! Ran da ƙanin ubanka ya cika, ta kan katanga za ka miƙa shi?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ni fa ban shirya ba tukuna," na ce.

"Ko ka shirya ko ba ka shirya ba, a rushe madafin. Na dafa a tsakar gida."

A ranar aka rushe. Makara ta wuce har lungu ba ta taɓa bango ba. Ɗan safiyo ya sake jan tef, ya ce yanzu ta kai har da ɗori. Ya kafa ƙarafan iyaka, yaron ya sa hannu, uwarsa ta dangwala.

Bayan nan sai zirga-zirgar ofis kawai. Yau babba ba ya nan, gobe fayil yana sama. Wanda ya yi dako ba ya jin wannan. Da takardar ta fito, maƙwabcina ya karanta mini sau biyu. Na zauna a ƙasa. Na sha ruwa.

Na gina wa Hajiya wani madafin da hannuna. Yaron yana shagonsa, muna gaisawa. Ina nan a Goron Dutse, ƙofata ta kwano ce, tana kallon lungu.