Ɗakin Irin da Aka Sare wa Inuwa

Shekarun baya, wata Laraba da hantsi, na tsaya a wata ƙaramar cibiyar binciken tsirrai da ke gefen Kaura Namoda. Mu uku ne: ni da mahaifiyata da abokina, wanda shi ya zana ɗakin ajiyar iri na cibiyar. Inna na riƙe da ƙullin irin maiwa. Shi kaɗai ta iya fitowa da shi ranar da suka baro ƙauyenmu a ƙasar Zurmi, kuma tun zamanin kakarta ake shuka shi a gidanmu.

Ɗakin ginin ƙasa ne, bangonsa mai kauri, da ƙananan tagogi can sama inda zafi ke fita. Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu janareto. A tsakiyar wasu tsofaffin itatuwan darbejiya aka gina shi. Abokina ya ce, "Inna, rabin ginin nan itatuwa ne. Muddin suna tsaye, irinki zai jira ki har ki koma gida."

Ta shafa bangon, ta ji sanyi. Ta ce, "Ashe rumbu ne kuka yi wa boko." Sannan ta dube ni. "Kai mai rediyo, ka shaida?"

Na shaida. Har na faɗa wa masu sauraro, da muryar nan tawa ta karanta labarai, cewa an samu ginin da zai ajiye iri har jikoki. Ranar na ji daɗin kaina sosai.

Da hare-haren 'yan bindiga suka matso, mutanen unguwa suka yanke shawarar a sare duk abin da zai iya ɓoye mutum a gefen gari. Abokina ya je ya roƙa. Wani dattijo, wanda aka ɗauke wa ɗa ta wannan ɓangaren, ya ce masa, "Injiniya, gaya muna, iri za mu tsare ko mutane?" Ina wurin aka sare itatuwan.

Daga nan rana ta riƙa dukan bangon yamma har magariba. Bazara ta zo ta wuce, wata ta biyo. Ma'aikata sun so su shuka irin don a sabunta shi, amma maiwa doguwa ce, ita ma an hana shuka ta kusa da gari. Daji kuwa ba ya shiguwa.

Da aka zo gwaji, aka jera ƙwayoyin a jiƙaƙƙen buhu, aka jira a ga ko za su tsiro. Ni aka bar wa kai labarin. Aikina ke nan, amma na daɗe a bakin ƙofar Inna kafin in yi sallama.

Ta ce, "Bai hito ba ko?"

Na ce, "Bai fito ba, Inna."

Ta ce, "To. Allah shi bar muna rai." Ta ci gaba da tankaɗe.

Har yau idan na tuna, nakan nemi wanda zan ɗora wa laifi, in rasa. Zanen daidai yake, dattijon ma yana da gaskiya. Kawai an yi ginin ne don garin da ke zaune lafiya.

Ɗakin yana nan, an sa masa fanka mai aiki da hasken rana. A daminar da ta biyo baya, wake Inna ta shuka a bayan gidan da muke haya.