Kuskuren Malam Abdulwahab

Duk Limancin Kona babu wanda ya taɓa ganin Malam Abdulwahab ya zauna ya shanye shayinsa. Maƙwabcina ne, shekara ashirin yana tuƙin jirgin sama kafin ya dawo Zariya koyarwa. Ko a zaure yake, ƙafarsa na rawa, idonsa na kan agogo.

Aikinsa koya wa ɗalibai tuƙin babban jirgin fasinja, irin wanda mutum biyu ke riƙewa, kyaftin da mataimakinsa. Sukan shiga wani ɗaki da aka ƙera kamar gaban jirgi, shi ya hau kujerar kyaftin, ya riƙa yin kuskure da gangan don ya ga ko ɗalibin zai gyara masa. Wanda ya yi shiru ya faɗi.

Nan ya gamu da Suhail, ɗan Kufena, ga ƙwaƙwalwa, amma kunya ta yi masa katutu. A gidansu ko idon babba ba a kallo, balle a ce masa ya yi kuskure. Sau biyu Malam yana sauko da jirgi ƙasa da ƙa'ida, Suhail na gani, sai dai ya yi gyaran murya. Dama ɗaya ta rage masa, in ya sake faɗuwa a sallame shi.

Abin ya hana Malam sukuni. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya tuna masa cewa ko liman ne ya yi mantuwa, mamu ke yi masa tasbihi. Suhail ya ce to, kansa a sunkuye. Ni kam na ce wa Malam ya haƙura, hali zanen dutse ne. Ya harare ni.

Ranar gwajin ƙarshe Malam ya ajiye kuskuren da zai yi da gangan sai wajen sauka. Ko tashi ba su yi ba Suhail ya ɗaga murya.

"Kyaftin, tsaya. Ba a kan wannan titin aka ba mu izinin tashi ba."

Malam ya duba, ya taka birki. Suhail ya ci, aka sa masa hannu.

Bayan la'asar na tarar da Malam a ƙofar gida yana kai da komo. Na yi masa barka, na ce dabararsa ta yi aiki. Ya juyo ya dube ni, sai tausayinsa ya kama ni, don tsoro na gani a fuskarsa.

"Malam Salisu," ya ce da ni, "wannan ba da gangan na yi ba. Wallahi ban gani ba."