Sunan Yaya Rabi a jikin motar Alhaji

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi, ungozomar likita da matan Mayahi suka fi sani da Sajfam mai ƙaramar mota. Na so in yi shiru kamar kowace shekara, in yi mata addu'a kawai. Wani Alhaji na garinmu ya hana ni.

Motar tata tsohuwa ce, ƴar Faransa mai ƙofa a baya, ta saye ta hannun wani malamin lakwal, wato makarantar boko. Ta sa aka cire kujerar baya, ta shimfiɗa katifa. In naƙuda ta yi gardama a ƙauyukan Kanan-Bakashe, ita ake aika wa. Sai ta sassauta iskar tayoyi saboda rairayi, ta shiga, ta fito da mace kwance a baya, ba ta karɓar ko sisi. Mu ƙannenta muna yi mata tsiya cewa motar ta fi jin turi da jin esansi, wato man fetur. Ta kan ce to ai shi ya sa Allah ya ba ta ƙanne.

Alhajin nan yana da motocin haya a wannan hanya, kuma mai naƙuda ita ce fasinjar da ba ta ciniki. Shi ya kai ƙara cewa Yaya tana haya ba takarda. Aka riƙe motar damina guda. Yaya ba ta bar zuwa ba, ta koma hawa amalanke. Ruwa ya doke ta a hanya, ciwon haƙarƙari ya kama ta, ba ta tashi ba. Na san ajali na Allah ne. Na kuma san wanda ya raba ta da rufin motarta.

Yanzu masu ƙera motar sun sake fito da irinta, kamar an tsaga kara, sai dai wannan da kuran, wato lantarki, take tafiya, ba hayaƙi ba ƙara. Alhaji ya tsufa, yana neman suna. Ya sayo ɗaya zai ba gidan likita, har da pano na caji da hasken rana, kuma yana so a rubuta sunan Yaya a jikinta. Ya zo gida da kansa ya same ni.

"Hajiya Mariya, abin da ya wuce ya wuce," in ji shi. "Ku zo ku sa albarka."

Na ce, "Alhaji, mi ya wuce? Hwaɗi shi da bakinka in ji."

Ya gyara hula, ya tambayi lafiyar yara.

Da Yaya na raye, na san halinta. Za ta zagaya motar, ta tambaya ko katifa za ta shiga, ta yi godiya ta karɓi makulli. Ni ba ita ba ce, ba a ba ni wannan zuciyar ba, kuma ban yafe ba.

A karɓi motar, mata na bukatarta. Sunan Yaya kuwa ba ya neman fenti, yana kan ƴan mata da yawa a ƙauyukan nan, iyayensu suka sa musu da kansu. Ban yarda a wanke Alhaji da shi ba.

Ranar bikin zan zo. Zan zauna a kujerar gaba, daura da shi. Da kamanninta aka haife ni, kowa ya sani. Bari ya yi jawabinsa yana kallon fuskar Rabi har ya gama.