Geron Mutumin Kano

Maigidana da rabin durom ya fara dafa sabulu, a bayan gidanmu na Kankia, shekarun da aka samu mulkin kai. Kafin kuɗin man fetur su cika gari ya gina masana'anta a bakin titin Katsina, har da babbar mota mai kai kaya kasuwanni. Turaren lemo yake zuba wa sabulunsa, kuma ba kaɗan ba. Rigarsa da hularsa, har akuyar gidanmu, duk ƙanshin suke yi. Shi kuwa hancinsa ya saba, ya daina ji.

Ba abin da ya tsana kamar a san ya yi kyauta. Malaminsa ya gaya mashi sadakar ɓoye ta fi lada, ya riƙe wannan da gaske.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ya sayi gero buhu-buhu don mutanen ƙauyukan Ƙofa da Kafinsoli. Ya sa aka rufe sunan masana'anta a jikin motar da tabarma. Ya ja wa direba kunne, duk wanda ya tambaya a ce wani bawan Allah ne daga Kano. Sai dai geron ya daɗe a ɗakin ajiyar sabulu kafin a raba shi.

Ni 'yar Ƙofa ce. Da na je ganin gida, innata ta kawo mani tuwo. Loma ɗaya na ji kamar na tauna wanki. Ta ce sun wanke geron, sun shanya, ba abin da ya ragu. Masu fura sun ce ko nono bai danne ƙanshin ba. Ƙanena ya rantse kununsa har kumfa ya yi.

"Kar ki gaya wa mijinki," in ji Inna. "Maigari ya ce kowa ya kama bakinsa, kar a rage wa bawan Allah lada."

Da na dawo, ya tambaye ni yana kallon gefe ko an gano mai geron. Na ce ana ta yi wa mutumin Kano addu'a. Ya gyara hula, ya ce ai mutanen Kano akwai kirki.

Har ya rasu bai sani ba. Muna zaman makoki wata tsohuwa daga Kafinsoli ta matso kusa da ni. Ta kama bakin mayafina ta shinshina, ta daɗe ba ta saki ba.

"Hajiya," ta ce a hankali, "Allah ya jiƙan mutumin Kano."