Dutsen da Ya Karya Ƙafar Sule

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan tafiyar alhazan bana, Ainur da Gulsum, musulman Mongoliya da muke wanke-wanke tare a wani masaukin alhazai a unguwar Kudai, nan ƙasa mai tsarki, suka ja ni gidan wasan boling. Suka sa min takalmin wurin, suka miƙo min ƙwallo mai nauyin dutsen niƙa. Ainur ta nuna min da hannu yadda ake mirgina ta har ta rushe sandunan da aka jera a can ƙarshe, sannan ta jefa tata. Ƙarar rushewar ce ta durƙusar da ni. Jikata da ke rubuta min wannan ta ce in tsaya in share hawaye, na ce ta ci gaba.

Muna yara a kan tudun unguwar Misfala, a garin nan, mu ma muna da irin wasan. In mun gama ɗauko ruwa, sai mu jera gwangwanayen madara a gindin lungu, a hau sama a gangaro da dutse. Ni ce mai jerawa. Wata rana yaran unguwar sama suka ce lungun nasu ne, faɗa ya kaure. Aka fasa wa yayana baki har haƙori ya faɗi, aka fizgi kitsona har fata ta tsage, mu ma muka rama da katako mai ƙusa. Babban yaran saman ya turo wani ƙaton dutse ina tsugune a ƙasa. Sule, ɗan maƙwabcinmu mai shayi, ya ture ni gefe, dutsen ya bi ta kan ƙaurinsa. Na ji ƙarar ƙashin, na gan shi fari ya huda fata.

Ba wanda ya ambaci asibiti, don gidansu ba mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. In an kai shi, kwashe su za a yi duka a mayar da su ƙasar da shi bai taɓa gani ba. Uwarsa ta cusa masa mayafinta a baki, maza suka danne shi, wani mahauci da ya iya ɗori ya ja ƙafar. "Ciji, ɗana, kada a ji mu," abin da take ta faɗa ke nan. Ba a ji su ba. Ƙafar ta warke a karkace. Da ita ya zo neman aurena aka ba shi, da ita ya tura keken tsofaffin alhazai har ya yi furfura. Tun daga bakin lungu nake gane takunsa, ɗaya da ƙarfi, ɗaya a jaye. Bara ya rasu, har yanzu ina kasa kunne in magariba ta yi.

Gulsum ta ɗago ni, ta tambaya da guntun Larabcinta ko mu koma gida. Na ce a'a. Na rungumi ƙwallon na tura da hannu biyu, sanduna suka watse, wani inji ya sauko ya sake jera su. Lungunmu tuni an rushe shi. A wasan yanzu ba yarinyar da ke tsugune a ƙasa, ni kuma ba ni da mai ture ni.