Sunan Albasarmu Ba Na Sayarwa Ba Ne

"Malama, dubu ɗari biyu zan ba ki. Sunan nan fa ba wani abin kirki ba ne."

Haka wani Alhaji ya ce min a waya jiya, ina fadamar Kawuna a Danchadi ana cirar albasa.

Shekara biyu ke nan da na yi rajistar sunan shafin intanet da sunan albasar yankinmu. Gajere ne, mai daɗin riƙewa. Ban gina komai a kansa ba tukuna, albashin malamar firamare a Bodinga bai kai nan ba.

Alhaji ya ce ya auna shi da manhaja: babu masu shiga, babu talla. Ga tsadar rayuwa. Wallahi saura kaɗan na yarda.

Na gaya wa Kawu abin kamar fili ne a bakin kasuwa, amma cikin waya.

Ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Ɗiyata, tun zamanin da muke layin sabulu da madara nike saida albasa. Dillali ba ya kushe buhun da bai so. In banza ce, mi ya sa yan neme ki?"

Na kira Alhaji na ce ba na sayarwa. Nan take ya koma dubu ɗari biyar. Na ce ya huta.

Ko a shekara goma ne, manomanmu za su tallata albasarsu a wannan shafin.

Masu cewa na yi wauta, bismillah, ina sauraronku.